Masu ƙananan dam a gona, ina mafitar ruwanku?

Wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, da ruwan Rima ya ci ƙauyuka daga Goronyo har ya yanke hanyar Jami'ar Ɗanfodiyo, ba sai an gaya masa ƙarfin ruwa ba. To babban dam ɗin Goronyo ma da ke da injiniyoyi da ƙofofi ke nan. Abin da ya fi damuna ƙananan dam ɗin da masu hali ke yi a gonakinsu don albasa da shinkafar rani. A ɗauko katafila haya, a tura ƙasa a tare kwari, cikin kwana uku a ce an gama.

Hankalin kowa na kan yadda za a riƙe ruwa, ba mai tambayar ta ina zai fita. Ku yi lissafi: ruwan sama milimita 50 a kan hekta 100, ko rabinsa kawai ya gangaro, lita miliyan 25 ke nan a dare ɗaya. In dam ya riga ya cika a Agusta, ruwan zai hau kan jinga, kuma jingar ƙasa ba ta jure haka. Ta baya yake fara zaizaye ta, kafin asuba ta ɓalle. Shi ya sa ake yanka mafita a gefe, cikin ƙasar asali mai tauri, ba cikin wadda aka tara ba, a shimfiɗe ta da dutse, bakinta ya yi ƙasa da saman jinga da aƙalla mita 1. Amma sai ka tarar an jera buhunan yashi an toshe ta, wai don a ƙara samun ruwan rani. Wallahi wannan ganganci ne.

Ginin ma da ƙa'ida. Ana kwashe ƙasar sama da saiwoyi, a haƙa rami a tsawon gindin jinga har a taɓa yumɓu, a cike shi da yumɓu. Ƙasarmu ta nan yashi ya yi mata yawa, ita kaɗai ba ta tare ruwa. Zubi kuma kaɗan-kaɗan, santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara. Gefen ruwa, kowane mita 1 na tsayi a ba shi mita 3 na kwanciya, baya kuma mita 2.

Bishiya a kan jinga, ko dogon yaro ko bagaruwa, cire ta tun tana ƙarama, don ranar da saiwar ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Haka gidan gara da ramin gafiya. Ciyawar kirikiri ake so, ta rufe ƙasa.

Zagaya bayan jinga da safe ka duba inda ke tsattsafo. In ruwan garau ne, kafa tsinke ka riƙa lura ko yana ƙaruwa. In ya fito ja kamar kunun kanwa, cikin jingar yake kwasowa. A take a kunna injinan ban ruwa a rage ruwan dam ɗin, a aika wa mutanen gangare su tashi, a kira injiniya.

Mutanen gangaren nan ba da shawararsu aka tare ruwan ba, amma ɗakunansu da rumbunansu ne a hanya. Ina ganin kafin ruwan farko, hakimi da ma'aikatan gona na ƙaramar hukuma su bi kowane dam da ƙafa. Duk mafitar da aka samu da buhuna, a kwashe su a gaban mai dam ɗin.