Mutumin da ya yi shekara 50 yana fitar da mujalla da harshen da ake cewa ya kusa mutuwa

A yi lissafin nan tare da ni: mujalla tana fitowa sau huɗu a shekara, an fara ta a 1952, an rufe ta a 2002 a fitowa ta 200. Shekara 50 ke nan cif, kuma mutum ɗaya ne ya tsaya a kanta tun daga farko har ƙarshe. Sunan mujallar Gairm, da harshen Gelik na ƙasar Sikotland ake buga ta, editanta kuma Derick Thomson, wanda mutanensa ke kira Ruaraidh MacThòmais. Duk wanda ya taɓa haɗa ko da ƴar mujallar makaranta ce ya san abin da nake nufi, bin marubuta kamar mai bin bashi, gyaran rubutun da mai shi ke ganin ba shi da aibi, rigima da maɗaba'a, neman talla, sannan ana gama wannan fitowar ta gaba ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa.

In ana maganar Thomson yawanci da waƙoƙinsa ake farawa, kuma ba laifi, mawaƙi ne na gaske. Amma ni ra'ayina shi ne aikin editan nan ya fi waƙoƙin nauyi a mizani, kuma rashin ba shi matsayinsa rashin adalci ne da ake yawan yi wa masu irin wannan aiki a ko'ina.

An haife shi a 1921 a Stornoway, babban garin tsibirin Lewis da ke can arewa maso yammacin Sikotland, ya tashi a ƙauyen Bayble inda mahaifinsa yake hedimasta, shi ma mahaifin yana rubuta waƙa. Ya yi karatu a jami'ar Aberdeen da Cambridge, ya yi aiki da sojan sama na Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya zama farfesan harsunan Keltik, wato dangin harsunan da Gelik take ciki, a jami'ar Gilasgo daga 1963 zuwa 1991. Wato dai mutum ne da Turanci ya buɗe masa duk ƙofar da yake so, da ya ga dama da ya yi zamansa yana rubuta manyan littattafai da Turanci a kan harshen kakanninsa, ya ci albashinsa lafiya lau. Ya rubuta irin waɗannan littattafan ma, akwai wanda ya yi a 1952 a kan tushen waƙoƙin Ossian, waɗanda James Macpherson ya buga da Turanci yana cewa daga tsohuwar waƙar Gelik ya fassaro su, akwai gabatarwa ga waƙar Gelik a 1974. Sai dai bai tsaya nan ba, kuma abin da ya ja hankalina gare shi ke nan.

Sai an san halin da harshen yake ciki kafin a gane girman abin. Dokar ilimi ta Sikotland ta 1872 ta wajabta wa yara zuwa makaranta amma ko ambaton Gelik ba ta yi ba, yaro ya taso gidansu ba a jin komai sai Gelik, ya shiga aji a ce masa daga yau Turanci ne harshen ilimi, wasu ma har bulala suka sha a kan yin magana da harshen uwa. Thomson yana da wata waƙa a kan wannan mai suna Cisteachan-laighe, wato akwatunan gawa. Kakansa kafinta ne, yana tuna ƙamshin garin katako a shagonsa lokacin da yake haɗa akwatin da za a sa mamaci, sai ya juyo ya ce ashe a makaranta ma akwatunan ake haɗawa shi bai lura ba, ana shafa wa katakon fentin Turanci, bai karanta rubutun da ke jikin murfin ba, bai gane cewa al'ummarsa ce ake shirin binnewa ba sai da ya ji ƙusoshin suna shiga jikinsa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan hoton sai jikina ya yi sanyi, musamman da yake ɗan hedimasta ne ya rubuta, ba wani na waje yake zargi ba, gidansu ma yana ciki.

To wanda ya ga akwatin gawa da idonsa me ya kamata ya yi? Mafi yawan mawaƙa kuka za su yi, su yi ta'aziyya mai daɗin ji, kuma Gelik ba ta rasa masu yi mata ta'aziyya ba ko kaɗan. Shi kuwa shi da abokinsa Finlay J. MacDonald sai suka kafa mujalla a Gilasgo. Kalmar gairm tana nufin kira, ana kuma faɗinta ga carar zakara. Abokin ya bar aikin bayan wasu shekaru, nauyin ya koma kan Thomson, da lacca da duba jarrabawa da iyali da komai.

Dalilin da ya sa nake fifita mujallar shi ne, Gelik tana da arzikin waƙa tun fil azal, waƙoƙin yabon shugabannin dangi, na masu saƙa, na begen gida, na coci. Abin da ta rasa shi ne zube, wato rubutun yau da kullum da mutum zai yi bayanin siyasa ko kimiyya ko ya yi sharhin littafi ko ya ba da gajeren labari. Harshen da ba a yin wannan da shi a hankali sai ya koma harshen biki da jana'iza, ana fito da shi ranar taro kamar babbar riga a mayar akwati. Gairm ta buɗe fili ga wannan duka, gajerun labarai, maƙaloli, sharhin littattafai, fassarar adabin wasu ƙasashe, kuma tana fitowa a kan lokaci, wanda shi ne sirrin. Marubuci in ya san akwai inda zai kai rubutunsa nan da wata uku zai zauna ya rubuta, in babu sai ya bari sai wata rana, wata ranar kuma ba ta zuwa. Iain Crichton Smith, wanda shi ma a Bayble ya tashi, yana cikin waɗanda suka yi ta bugawa a Gairm, kuma kusan duk wani marubucin Gelik na rabin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ta wannan ƙofar ya bi.

Bai tsaya a mujalla ba. Ya kafa kamfanin buga littattafai da sunan Gairm ɗin, ya jagoranci kafa majalisar littattafan Gelik a 1968 wadda ke tallafa wa marubuta da mawallafa da kuɗi, ya fitar da ƙamus na Turanci zuwa Gelik a 1981, ya shirya kundin bayanai a kan al'ummar Gelik a 1983. Abin da ya fi burge ni a ciki duka shi ne littafin bayoloji da ya fassara zuwa Gelik a 1976. Ka duba fa, babban mawaƙi, farfesa, ya zauna yana neman yadda za a ce ƙwayar halitta da harshen masunta da makiyayan tumaki. Ba wanda zai ba ka lambar yabo a kan wannan, amma shi ne amsar da ta fi kowace ƙarfi ga masu cewa harshen bai iya ɗaukar ilimin zamani ba.

Na san abin da mai musu zai ce, kuma yana da hujja. A ƙidayar 1951, shekara ɗaya kafin Gairm ta fito, masu jin Gelik sun kai wajen 95,000. A ƙidayar 2001, shekara ɗaya kafin a rufe ta, ba su kai 59,000 ba. Ina amfanin baɗi ba rai? Mutum ya yi shekara 50 yana zuba ruwa a kwando. Ban yarda da wannan ba, saboda ba mujalla ke hana saurayi barin tsibiri ya tafi neman aiki Gilasgo ko Kanada ba, ba ita ke hana talabijin ta Turanci shiga falo ba, ba ita za ta hana uwa yanke shawarar yi wa ɗanta Turanci don tana ganin shi ne zai ba shi abinci ba. Waɗannan abubuwa ne na tattalin arziki da mulki, sun fi ƙarfin edita. Abin da ke hannunsa shi ne ranar da iska ta juya a tarar da kaya a ƙasa. Kuma ta juya ɗin, a 1985 aka buɗe azuzuwan farko na koyarwa da Gelik zalla a Gilasgo da Inverness, a 2005 majalisar Sikotland ta yi wa harshen doka, a 2008 aka buɗe tashar talabijin ta BBC Alba. Malaman da suka shiga waɗancan azuzuwan da ƴan jaridan da suka zauna gaban kyamara ba daga sama suka samo kalmomi da salon rubutu ba, sun tarar an yi shekara talatin da wani abu ana share musu hanya.

Akwai wani sukar da na fi ɗauka da muhimmanci. Mutum ɗaya shi ne farfesa, shi ne editan babbar mujalla, shi ne mawallafi, shi ne shugaban majalisar da ke raba tallafi, a cikin al'ummar da kowa ya san kowa. Ko da mutum waliyyi ne wannan iko ya yi yawa a hannu ɗaya, matashin da salonsa bai yi wa edita ba ina zai nufa? Kuma hujja mafi girma ita ce yadda abin ya ƙare, da ya tsufa ya ajiye, Gairm ba ta samu magaji ba, sai dai wasu mujallun suka taso daga baya da wasu sunaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya ɗauka shekara 50, amma ranar da ya sauke sai jinkar ta zauna a ƙasa. A nan ina ganin laifin a raba shi, wani kaso nasa, kaso mafi yawa na waɗanda suka ji daɗin samun mai yi suka naɗe hannu.

Game da waƙarsa kuwa, Sorley MacLean ne sunan da duniya ta fi sani a waƙar Gelik ta zamani, tun littafinsa na 1943, kuma ya cancanta. Thomson muryarsa ba ta da wannan tsawar, a hankali yake magana. Yana cikin waɗanda suka kafa waƙa marar amsa-amo da ma'aunin gargajiya a harshen da aka saba rera waƙa ba karanta ta ba, abin da ba kowane dattijo ya yi wa daɗi ba. Littafinsa na farko An Dealbh Briste ya fito a 1951, sai An Rathad Cian a 1970, wanda gaba ɗayansa magana ce tsakaninsa da tsibirin Lewis, son wuri da kuma sanin cewa ba zai iya komawa ya zauna ba. Ya yi wa ƴan matan tsibiri da ke bin tashoshin jiragen ruwa suna gyaran kifi da gishiri waƙa mai mutunta su ƙwarai, ya kuma soki irin wa'azin cocin da ya kori kiɗa da tatsuniya daga gidajen mutane. Shi da kansa yake fassara yawancin waƙoƙinsa zuwa Turanci a buga su gefe da gefe, wasu na ganin hakan yana sa mai karatu ya tsallake Gelik ɗin, ni kuma ba don wannan fassarar ba da ban san shi ba, don haka ba ni da bakin suka.

Abin da nake ta tunani shi ne waƙoƙi nawa ne bai rubuta ba saboda yana gyaran waƙafi da aya a rubutun wani. Yana da shekara 81 lokacin da fitowa ta 200 ta fito, kuma bayan ya sauke nauyin sai ga shi da sabon littafin waƙoƙi a 2007, Sùil air Fàire, yana da shekara 86. Ya rasu a Gilasgo a watan Maris na 2012.