Baƙin mai ba maganin raunin doki ba ne

Bayan hawan Sallah, idan sirdi ya goge bayan doki ko ƙarfe ya yanke shi, wasu sai su shafa baƙin man inji ko toka, wai don miki ya bushe. Hakan na ƙona naman da ke ƙoƙarin haɗewa ne, ya kuma danne datti a ciki.

In jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta har ya tsaya. Sannan a wanke da dafaffen ruwa da ya huce, lita ɗaya da ƙaramin cokali biyu na gishiri. A kare wurin daga ƙuda.

Amma hujin ƙusa a kofato, ko rauni kusa da gaɓa, na likitan dabbobi ne, komai ƙanƙantarsa. Tetanus, mai sanƙarar da jiki, na saurin kama doki.