Suna ba ya biyan haya: magana ga ƴan matan Yamai masu son shiga fim

Duk yarinyar da ke mafarkin zama tauraruwa a garin nan, kafin ta sayi jan baki ta fara tambayar labarin Zalika Souley. A nan Yamai aka haife ta a 1947. Tana da shekara goma sha tara Moustapha Alassane ya ɗora ta kan doki a fim ɗinsa na kaboyi na 1966, daga nan ta shiga hannun mai shirya finafinai Oumarou Ganda, har da fim ɗin Le Wazzou polygame, wanda ya ɗauko wa Nijar babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Yawanci muguwar mace ake ba ta ta fito, kishiya ko mai zaman kanta, mutanen gari kuma suka kasa raba wasa da gaskiya, suna zagin ta a hanya. Da sinimar ƙasar ta durƙushe bayan rasuwar Ganda a 1981, ba ta da wani abin da ke shigo mata daga finafinan da ake ta nunawa a Turai. Ƙarshenta aikatau ta tafi yi Amurka. Ta rasu a Yamai a watan Yulin 2021, Allah ya jiƙan ta.

Gwaninta ba ta yi mata ƙaranci ba. Abin da aka biya ta ranar ɗauka shi ne iyakar rabonta, kuma har yau haka ake yi wa ƴan mata, sai dai yanzu YouTube ne ya maye gurbin gidan sinima.

Ga yadda abin yake faruwa. Furodusa ya kira ki a waya, ya ce fitowa goma ce kawai, kwana uku a gama. Kun yi jinga da baki. Ranar farko janareta ya ƙi tashi, rana ta biyu jarumin bai zo ba, kwana uku ya zama tara, kuɗin kuwa yana nan yadda yake, tunda a kan fim kuka yi ciniki, ba a kan yini ba. Don haka a rubuta: kuɗin yini ɗaya nawa ne, yinin awa nawa ne, wa ke biyan taksi da abinci, kuma idan an wuce kwanakin da aka yanka me za a ƙara. Ki karɓi rabi kafin ranar farko, sauran kuma kafin a ɗauki fitowarki ta ƙarshe. Da zarar fuskarki ta gama shiga kyamara, ƙarfin cinikinki ya ƙare.

Fim mai dogon zango ya fi haɗari. Idan takarda ta ce “fim ɗin” kawai, an saye ki ke nan har zango na biyar da kuɗin zango na ɗaya. A rubuta yawan kashi-kashi, a rubuta inda za a nuna shi: talabijin kaɗai, ko har intanet? Ana iya yanka fitowarki a yi tallar sabulu da ita? Dokar haƙƙin mallaka ta 2010 ta san da mai wasa, ba marubuci kaɗai ba, kuma ofishin BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, yana nan cikin gari. Yawancin ƴan wasanmu ba su taɓa taka ƙofarsa ba.

Sai kaya. A nan ƴar wasa ce kan zo da tufafinta, kuma ba a bin labari a jere wajen ɗauka. Duk abin da ya faru a falo ɗaya rana ɗaya ake ɗaukarsa. Ki ɗauki hoton kanki a waya a kowace fitowa: ɗaurin kallabi, ɗan kunne, lallen hannu. Lalle yana dusashewa cikin mako biyu, mai kallo kuwa yana gani idan amarya ta shiga ɗaki da baƙin lalle ta fito da ja.

Masu hangen Kano, ku lura da kuɗi. Tun da aka sakar wa kasuwa farashin naira a 2023 ta faɗi ƙwarai, jingar da ta yi daɗin ji a can tana iya zama jikkuna kaɗan in an canza ta zuwa sefa, ga kuɗin mota ta Ƙonni ko ta Maraɗi, ga masauki. Hukumar tace finafinai ta Kano ma tana neman rajistar ƴan wasa, kuma takan dakatar da mutum. Ki yi rajistar da kanki, da sunanki, kada wani ya ce zai riƙe miki takardun.

Wani zai ce mai neman a san ta ba ta isa ta kafa sharaɗi ba, akwai goma a bayanta. Gaskiya ne, a fim na farko. Amma ko a shi, saƙon WhatsApp da furodusa ya rubuta adadin kuɗi da kwanaki a ciki ya fi “kar ki damu, ƙanwata”. Ki sa ya rubuta, ki adana, ki tura wa wani babba a gidanku kwafi kafin ki shiga motar lokeshin.