Ba cire Hausa za su yi daga rediyon ba, lokacinta za su sayar

Zancen da ya cika Garwa, a arewacin Kamaru, kwanan nan shi ne gidan rediyon nan namu na FM zai sauya tsarin shirye-shiryensa bayan salla. Ba zan kama sunansa ba, tunda masu gidan ba su fito sun ce uffan ba, kuma duk mai kunna rediyo a garin nan ya san inda na dosa. Abin da dai kowa ya ji da kunnensa shi ne 'yar tallar da suke sakawa tsakanin shiri da shiri, cikin Faransanci, da kiɗa mai ƙarfi, wai sabon abu na nan tafe. Daga nan kowa ya ɗora nasa. Wasu sun ce gidan zai koma na kiɗa zalla, wasu sun ce wani attajiri ne daga Duwala ya saye shi. Mafi yawan mutanenmu kuwa cewa suke za a share Hausa da Fulatanci gaba ɗaya.

Ni ban yarda da wannan na ƙarshen ba. Mai gidan rediyon da zai kori Fulatanci a Garwa ya kori kasuwarsa da hannunsa, don da shi ake ciniki daga nan har Marwa da Ngaundere, ko a bakin wanda ba Bafulatani ba. Hausa ma ba za su cire ta ba, suna son a ce gidan na kowa ne. Hasashena shi ne za su bar ta a takarda, su ɗauke ta daga lokacin da ake jin ta. Shirin da muke saurare bayan isha'i zai koma sha ɗayan dare, ko kuwa ƙarfe biyu na rana, lokacin da zafin Afrilu ya haura digiri 40, kowa na neman inuwa. Sanarwar safe da ake karantawa bayan asuba za a matse ta cikin minti biyar. Bayan wata shida sai a ce ai babu masu sauraro, alhali an kai shirin inda mai sauraro ba zai iske shi ba. Wannan ya fi cirewar muni, don in an cire za a yi kuka a je a yi magana, in kuwa an gusar ne sai a yi ta cewa bari mu gani.

Dalilin kuwa kuɗi ne, ba ƙiyayya ba, kuma gara mu fahimci haka kafin mu fara zagin mutane. Tun da dokar Afrilun 2000 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo a Kamaru, kowane gida da tallarsa yake ci. Manyan tallace-tallace, na kamfanonin waya da na lemo da na giya, daga Duwala da Yawunde ake shirya su, cikin Faransanci suke zuwa, kuma matasa suke nema. Mai tallar yana son safiya da farkon dare, wato daidai lokacin da shirinmu yake zaune. Tallar giya kuwa ba mai saka ta a tsakiyar shirin Hausa, ranar za a ji kanmu. Ga kuma wuta. Arewacin Kamaru duka da madatsar Lagdo ya dogara, mai megawat 72, kuma mun ga yadda aka yi ta rabon wuta unguwa-unguwa a shekarun da ruwan ya ja baya, kafin a kawo na hasken rana a Marwa da Gidar su ɗan rage zafi. Duk awar da aka ɗauke wuta, janareta ke riƙe na'urar watsa shiri, gazuwal kuwa, wato man dizal, ba a ba da shi bashi.

Sai ka lissafa daga wajen mai gidan. Shirin kira ta waya yana son mai gabatarwa, da mai kula da na'ura, da wanda zai tace masu kira, kuma kullum gabansa na faɗuwa kada wani ya bugo ya ambaci sunan wani babba, hukumar CNC mai sa ido kan kafofin watsa labarai ta aiko da takarda. Kiɗa kuwa kwamfuta ɗaya ce za ta kwana tana juya shi, ba ta neman albashi, ba ta zagin kowa. In da ni ne ke biyan ma'aikata a ƙarshen wata, wallahi sai na yi tunani sau biyu.

To amma me za a rasa? Mutane suna ta maganar gaishe-gaishe da waƙoƙi. Ni abin da ya dame ni sanarwa ce. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan rediyo da sassafe ba, ba zai gane ba. Yaro ne zai sauko daga moto, wato babur ɗin haya, da 'yar takardar da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta ta da biro, wani lokaci da ajami, gefenta ya jiƙe da gumi. Ya miƙa kuɗin sanarwa, a shigar da ita ciki. Mai gabatarwa ya rage kiɗa, ya gyara murya, ya yi salati, ya faɗi sunan mamacin da na mahaifinsa da unguwarsu, da lokacin jana'iza, ya lissafo garuruwan da 'yan uwa suke, Pitowa, Gashiga, Figil, Lagdo, sannan ya rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Mu kuma ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da dare, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Sanarwar da aka karanta da sha ɗayan dare ta zama ta zaman makoki, jana'iza ta riga ta wuce. Haka cigiyar yaron da ya ɓace ranar Lahadi a kasuwar Pitowa, da ta shanun da suka bi wani garke, da ta katin shaida da aka tsinta a tasha. Duk abubuwa ne da awa ɗaya ke raba amfaninsu da rashinsa.

Na san abin da za a ce: ai yanzu akwai WhatsApp. Akwai, ni ma da shi nake jin rasuwa da yawa. Sai dai WhatsApp yana kai labari ne ga wanda lambarsa ke hannunka. Tsohon abokin cinikin mahaifinka da suka yi fataucin goro tare shekara talatin da suka wuce ba ya cikin wayarka. Gwaggo da ke cikin gida, da 'yar wayarta mai maɓalli, ta soka mata igiyar kunne don ta kama tasha, ta rataye ta a ƙusa kusa da murhu, ba ta sayen data, ba ta karanta boko, amma ba sanarwar da ke wuce ta, kuma ita ce za ta aika jika ya zagaya gidaje uku. Masunta a bakin tafkin Lagdo, cikinsu har da Hausawa, haka suke. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san cewa in za a saki ruwa, dole gargaɗi ya isa kunnen mutanen bakin Binuwai cikin harshen da suke ji, kuma a lokacin da rediyonsu ke kunne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a Garwa ake wannan magana. Tun zamanin Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, wanda ɗan garin nan ne, Rediyo Garwa ta yi suna a kan gajeren zango, da Hausa da Fulatanci, har cikin Najeriya ana kama ta. Ka tambayi dattawan Yola da Mubi, kai har na Kano, za su ba ka labarin yadda ake aiko da katin gaisuwa Garwa, a zauna jiran a ji an kira suna. A Ngaundere kuma Sawtu Linjiila, rediyon Kiristoci, tun shekarun 1960 take aiki da Fulatanci. Wato rediyo da harsunan gida ba baƙon abu ba ne a arewacin Kamaru. Kuma kada mu ce ai akwai tashoshin waje. BBC Hausa tana nan tun 1957, ga DW, ga RFI da ta fara Hausa a 2007, Allah ya saka musu, amma ba su san an yi rasuwa a unguwarmu ba, ba kuma aikinsu ba ne su sani. Muryar Amurka ma da muke gani kamar dutse, a watan Maris na 2025 aka wayi gari ta yi shiru saboda umarnin da aka sa wa hannu a Washinton, ba wanda ya nemi shawararmu.

Yanzu bari in taɓo namu laifin, ko da za a ji haushi. Shirin Hausar nan da muke kuka a kansa, wa ke biyan kuɗinsa? Ku saurara da kyau yau da dare. Mai maganin gargajiya ne zai saye rabin awa, magani ɗaya na basir da shawara da sanyin ƙashi da abin da ba ya faɗuwa a gaban yara, kana zaune da 'ya'yanka sai ka miƙa hannu ka rage murya. In ya gama, sai gaisuwa, mutum ɗaya ya bugo ya gaida mutum arba'in, gobe ma shi ne. Ga manyan 'yan kasuwarmu, masu shagunan atamfa da kayan masarufi da motocin dakon kaya, waɗanda ke iya raba buhunan shinkafa da azumi ba su ji a jikinsu ba, amma ka ce su ɗauki nauyin shiri na wata uku sai ka ji "Alhaji ai kowa ya san shagona". To mai gidan rediyo ma ya san shagon, abin da bai gani ba shi ne kuɗin shagon. Ranar da ya zauna raba lokutan shirye-shirye, wanda ya biya shi zai fara zaɓa.

Batun cewa matasa ba sa son Hausa kuwa, wannan ban karɓa ba sam. Ku tuna Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, da Najeriya ta buga wasanninta a filin Rumde Ajiya, ta ci Masar ɗaya da nema, Tunisiya kuma ta zo ta fitar da ita a nan gabanmu. Da wane harshe aka yi ta musu a teburan mai shayi har tsakar dare? Haka in Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu, na wasa. Yaran nan su ne ke kwana kan TikTok suna barkwanci da Hausa da Fulatanci, suna kallon finafinan Kano. Abin da suka guda shi ne shirin da ba ya magana a kan rayuwarsu. A ba su awa ɗaya ta ƙwallo da Hausa, ko shirin masu moto da abin da suke gamuwa da shi a hanya, ko farashin masara da albasa da gyaɗa kasuwa-kasuwa, ko bayanin lokacin da kamfanin SODECOTON ke awon auduga da biyan manoma, a ga in ba za a rasa layin shiga ba. In sauyin da za a yi irin wannan ne, ni ne na farkon yin maraba da shi, har a rage gaisuwar ma ban damu ba.

Saboda haka shawarata ga masu cewa za su rubuta takardar koke su tara sa hannu: ku rubuta, ba laifi, amma takarda ba ta sayen gazuwal. Kafin a fitar da sabon jadawali, shugabannin 'yan kasuwa da sarkin Hausawa da limamai biyu ko uku su je su zauna da daraktan gidan. Kada su tambaye shi ko za a bar Hausa, zai ce za a bari, kuma gaskiya ya faɗa. Su tambaye shi ƙarfe nawa, minti nawa, da kuma ko sanarwar asuba tana nan yadda take. In ya ce lokacin yana da tsada, su ce nawa ne na wata shida, su raba a tsakanin shaguna goma, a rubuta yarjejeniya a sa hannu kafin salla.