Injin da Bai Kai Dunƙulen Hannu Ba Ya Mai da Ni Yaron Mota

Duk wanda ya ce maka motar rimot mai injin naitiro kayan wasan yara ce, ka tambaye shi ko ya taɓa tayar da ita da hannunsa. Tawa girmanta kashi 1 cikin 8 ne na motar gaske, injinta kuwa sisi (cc, ma'aunin girman inji) 3.5 kacal, wanda masu harkar ke kira .21. Amma wannan ɗan tsurut ɗin yana juyi sama da sau 30,000 a minti guda, alhali motar da kake shiga in ta kai 6,000 ta fara roƙon a sassauta mata. Wannan lissafin ne ya ja ni na saya. Babu wanda ya gaya mini cewa abin da ke juyi haka yana da zuciya kusa.

Da farko ma ba ya shan fetur. Mansa haɗi ne na musamman: metanol ne mafi yawa, sai naitiromitan, wanda a galan ɗina aka rubuta kashi 20 cikin 100, sai kuma man santsi, zurma da wanda aka haɗa a masana'anta. Injin mai bugu biyu ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai, don haka duk santsin da fistan zai samu a cikin man da yake sha yake zuwa. Ka riƙe wannan maganar, za ta yi mini shari'a nan gaba. Fulogin nasa ma ba ya tartsatsi. Wata 'yar siririyar waya ce a naɗe mai platinam a jiki, za ka ɗora mata ɗan batir mai bolt 1.5 ta yi ja, inji ya tashi, ka cire batirin, daga nan tururin metanol da zafin ƙuna su ne za su ci gaba da riƙe ta a jajir. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940 don ƙananan jiragen sama. Allah ya ba shi basira, ni kuma ya ba ni igiyar ja.

Ranar farko na cika tanki, na ɗora batir a kan fulogi, na ja igiya. Ta zo rabi ta tsaya cak. Na sake ja, ta sake cijewa. Na ce shi ke nan, mataccen inji aka sayar mini. Ashe haka ake ƙera su da gangan: bututun silinda da fistan ke kai-komo a ciki yana ƙara tsukewa ta sama, ta yadda sabon fistan zai maƙale in ya kai ƙololuwa, sai ƙarfen ya ɗauki zafi ya buɗe sannan su daidaita. Maganinsa a ɗumama kan injin kafin a ja. Na dudduba gidan kaf, abin da ke fitar da iska mai zafi guda ɗaya ne, kuma a kan madubin matata yake.

Ina durƙushe ina hura wa inji iska sai na ji ta a kaina.

"Maigida, gashin wa kake busarwa?"

"Aiki ne na injiniyoyi, ba za ki gane ba."

"To, injiniya, in ka gama ka goge mini ita. Ga maiƙo nan har a kan wayar."

Injin ya yi ɗumi, saura a kai masa mai. Akwai wani siririn tiyo da ya taso daga salansa ya shiga tanki, iskar hayaƙi ce ke turo mai zuwa kafireta. Saboda haka in ka toshe bakin salansa da yatsa ka ja igiya, za ka ga mai yana tafiya cikin tiyo. Littafin da ya zo a kwali ya ce da mai ya taɓa kafireta a tsaya. Ni kuwa mutum ne mai kyauta, ban ga dalilin da zan yi wa baƙo rowa a ranarsa ta farko ba. Na ƙara masa, na kuma ƙara. Da na zo ja, igiya ta ƙi motsi ko kaɗan. Mai ya shaƙe shi, ya cika saman fistan, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Wanda ya yi ƙarfa-ƙarfa a nan zai tsinke igiya ko ya lanƙwasa sandar fistan. Abin yi shi ne a kwance fulogi, a kifa motar, a ja igiya man ya fita ta ramin. Na kwance, na kifa, na ɗaga ta sama, sannan na leƙa ramin don in tabbatar yana fita. Ya fita. Da ba don tabarau ba, da labarin ya ƙare a nan, domin metanol guba ne, ba a wasa da shi a ido ko a baki. Na wanke fuska na dawo, na tarar a shafi na gaba an rubuta a rufe ramin da tsumma a kawar da kai. Ni dai a ganina shafin da ya gabata ya kamata su sa wannan.

Da ya tashi kuwa, wayyo daɗi! Wata siririyar ƙara, ga shuɗin hayaƙi, ga wani ƙamshi mai yaji da ke sa ido hawaye. Na ɗauki rimot zan nuna wa duniya, sai na tuna da horo. Sabon inji sai an hore shi: tankuna da dama a hankali, mai ya yi yawa a haɗin, ba a buɗe totur duka, tsakanin tanki da tanki a bar shi ya huce da fistan a can ƙasa don kada silinda ta matse shi in ta yi sanyi. Haka na yini ina zagaye da motar da aka ce iska ce, tana tafiyar hawainiya tana tofar da mai. Wani ɗan maƙwabcinmu ya tsaya ya kalla, ya kalla, ya ce, "Kawu, ai ko da rarrafe na fi ta gudu." Na ce masa ya je ana kiransa a gida.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne wajen allurai. A jikin kafireta akwai abubuwa uku da ake murɗawa da sukudireba: babbar allura mai kula da man gudu, ƙaramar allura mai kula da mai lokacin tashi daga tsaye, da kusar silo da ke hana inji mutuwa in ka saki totur. In ka murɗa allura dama ka rage mai, in ka murɗa hagu ka ƙara. Kuma ba murɗawa ake da ƙarfi ba. Masu abin suna cewa ka ɗauka kan allurar fuskar agogo ce, ka matsa awa ɗaya, ka yi gudu, ka saurara, sannan ka sake. Na matsa awa ɗaya. Motar ta ɗan farka. Na ƙara awa ɗaya, ƙarar ta koma sama, ta fara watsa ƙasa da tayoyin baya. Nan na gano wani sirri da na yi mamakin yadda duk masanan duniya suka kasa ganowa: duk lokacin da ka rage mai, gudu ƙaruwa yake. Ga sauri, ga tattali. Sai na daina lissafin awa, na koma lissafin yini.

A filin da masu irin motocin ke haɗuwa akwai wani dattijo da ba ya yawan magana, akwatin kayan aikinsa ya girme ni. Motata ta wuce ta gabansa tana tsala ihu, ina jiran yabo, sai ya ɗaga hannu.

"Yaro, kawo ta nan. Ina hayaƙinka?"

"Baba, ai na gyara ta, ta daina hayaƙi."

Bai ce komai ba. Ya sunkuya, ya tara yawu, ya ɗiga a kan injina. A gaban mutane. Ina shirin in ji haushi sai na ga yawun ko zama bai yi ba, tas, ya ɓace. Ya ce in inji yana cikin hayyacinsa, ɗigon zai yi ta tafasa na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya bushe. In ya kwanta bai tafasa ba, inji ya yi sanyi, mai ya yi yawa. In ya ɓace nan take, kana dafa ƙarfe ne. Sannan ya zaro 'yar na'urar awon zafi ya haska kusa da fulogi, ya juyo mini da ita. Irin waɗannan injuna sun fi son tsakanin digiri 100 zuwa 130 a ma'aunin Salshiyos. Lambar da na gani ba zan faɗa ba, akwai masu hawan jini a cikin masu karatu.

"Hayaƙin nan da ka kora," in ji shi, "shi ne shaidar cewa santsi yana ratsa injin. Ka hana shi mai, ka hana shi santsi, ka hana shi abin da ke sanyaya shi. Gudun da ka gani na ban kwana ne."

Ya mayar da allurar hagu, ya canza mini fulogin da wayarsa ta riga ta yi fari ta murɗe, hayaƙi ya dawo. Na ce to yanzu an gama, sai in sa alama kada ta motsa. Ya yi dariya har da tari. Ashe ba a gamawa. In gari ya yi sanyi iska tana yin nauyi, inji yana neman ƙarin mai. In rana ta take, ya nemi a rage. Saitin safe ba shi ne na la'asar ba. Injin nan kamar jariri yake, kukan yunwa daban, kukan ƙoshi daban, kuma duk laifin naka ne in ba ka bambance ba.

Na ɗan samu kwanciyar hankali bayan haka, har na fara bai wa sababbin zuwa shawara. Rannan na buɗe totur har ƙarshe a kan miƙaƙƙiyar hanya, na zo kwana na saki, na ja birki. Motar ba ta ji ba. Na murɗa sitiyari, ba ta ji ba. Na girgiza rimot, na ɗaga shi sama, na kira ta da baki. Abin da ya faru shi ne, a cikin motar akwai wani ɗan batir daban da ke ba na'urar karɓar saƙo da masu jan totur wuta, shi kuma injin ba ruwansa da batir da zarar ya tashi. Batirin ya mutu daidai lokacin da totur ke wangame, ya bar shi a haka. Akwai ɗan sifirin da ake sawa ya ja totur ya rufe in irin haka ta faru. Nawa yana nan lafiya lau a cikin ledarsa, a gida.

Na yar da rimot na bi ta da gudu, ni da rabon da in yi gudu har na manta. Mutane suna darewa, wani ya ɗauke akwatinsa, wani ya hau kan benci. Ta haye wani tudu, ta tashi sama, ta faɗo a kife, tayoyi huɗu suna kallon sama. Nan ne fa ta buɗe murya, domin babu nauyin komai a kanta, tayoyin suka kumbura suka zama faifai saboda tsabar juyi. Injin da aka bari a haka sandar fistansa ce ke fara tafiya. Hanyoyin kashe shi uku ne: a matse tiyon mai, a danna tafin takalmi a jikin ƙarfen da ke juyi a ƙasa, ko a toshe salansa. Duk na san su. Na zaɓi ta uku, na kuma aiwatar da babban ɗan yatsana, tsirara, a kan bututun da ya sha wuta. Injin ya mutu, ni kuma na karɓi ihun daga inda ya tsaya. Dattijon ya iso a hankali, ya miƙo mini tsumma, ya ce, "Da wannan ake yi." Zoben bakin salansar ya daɗe a yatsana, zagayayye tsaf, ko da kamfas aka zana sai haka.

Shi kuma ajiyewa wani karatun ne. Metanol yana jan danshi daga iska, in ka bar mai a ciki boris ya yi tsatsa, ka ji inji yana gurza. Don haka duk ranar da aka yi wasa, minti goma na gudu da tanki mai sisi 125 ba ya ma kaiwa, sai a zauna a yi hidima: a tsiyaye tanki, a tayar da inji ya ƙone ragowar, a kwance fulogi a ɗiga man kariya, a juya shi a hankali, a wanke soson iska a shafa masa mansa, domin ƙura kaɗan in ta shiga ta gama da fistan. A goge maiƙon zurma da ya manne a ko'ina, har da wuraren da motar ba ta je ba. Matata ta bar mini na'urar busar da gashin gaba ɗaya, ta ce yanzu ko ta kunna ƙamshin gareji take yi, kuma tana jiran sabuwa.

Kwanan baya yaron nan na maƙwabta ya zo filin da tasa motar, mai batir. Ya danna maɓalli, ta tafi, ko tari babu. Na kira shi na zaunar, na yi masa bayani cewa wannan ba mota ba ce, fanka ce mai taya, kuma namijin inji sai da ƙara da hayaƙi. Ina bayanin ina jan igiya. Na duba mai, akwai. Na duba tiyo, lafiya. Na ja har kafaɗata ta fara ƙara. Dattijon yana daga nesa yana nuna mini wani abu da hannu, sai can na fahimci batirin fulogi yake nufi, wanda na tabbata na sa a caji, sai dai ban kunna soket ɗin ba.

Yaron ya gama zagayensa ya dawo ya tsaya a kaina.

"Kawu, in ara maka tawa kafin taka ta tashi?"

Na ce ya kawo, amma ya sani don in duba masa sitiyari ne kawai.