Kwanciyar ruwa ba ta nufin rashin zurfi

Baƙi da yawa idan sun je yawon buɗe ido ƙauyen bakin kogi, sai su nufi inda ruwa ya kwanta luf, su ce nan ne wurin wanka. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa nan ne ya fi zurfi. Inda ruwa ke ƙara kan duwatsu kuwa, ƙasa na kusa, ko da yake akwai santsi.

Ka lura da inda kogi ya yi kwana. Ta gefen waje ruwa ya fi gudu, yana cin gaɓa har saiwoyin bishiya su fito fili suna reto. Ta gefen ciki yake zubar da yashi, nan za ka tarar da sawun tsuntsaye da sassafe.