Yadda Jamusawa Ke Riƙon Manyansu da Yadda Muke Riƙon Namu

Duk wanda ya zauna a Jamus, kamar yadda nake zaune a Berlin, zai lura cewa manyan cibiyoyin ƙasar sunayen masana da marubuta suke ɗauke da su. Cibiyar da ke sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa sunan Robert Koch aka ba ta, babbar ƙungiyar binciken kimiyya ta Max Planck ce, cibiyar da ke koyar da Jamusanci a ƙasashen duniya kuwa ta Goethe. Raɗa suna bai dame ni ba, domin mu ma ba a bar mu a baya ba a wannan fage. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen nan suna ajiye takardun manyansu baki ɗaya, na alheri da na abin kunya, kuma wannan ajiyar ce take ba jikoki damar yin gardama a kan kakanninsu da hujja a hannu.

A ranar 24 ga Maris, 1882, Koch ya bayyana a Berlin cewa ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, shi ya sa har yau duniya take ware wannan rana domin yaƙi da cutar, kuma a 1905 aka ba shi lambar Nobel. Amma shi ɗin ne ya je tsibiran Ssese da ke tafkin Victoria a 1906 da 1907, ya riƙa gwada maganin Atoxyl a kan 'yan Afirka masu cutar barci, har wasu daga cikinsu suka makance. Rahotannin da ya rubuta da hannunsa su ne shaidar da ake kafawa a kansa yau. Haka nan Fritz Haber, wanda ya gano hanyar haɗa sinadarin da ake yin takin zamani da shi, irin buhun yuriya da manomin masara yake nema ido rufe idan damina ta kama, shi ne kuma ya jagoranci amfani da iskar guba a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Ypres ta ƙasar Beljiyam cikin watan Afrilu na 1915. Cibiyar bincikensa tana nan a unguwar Dahlem da sunansa, kuma babu mai ba da tarihinsa a nan ya tsallake maganar gubar.

Wani lokacin gardamar takan kai ga sauke suna. Gustav Nachtigal ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan Sarkin Prussia zuwa ga Shehun Borno Umar, ya kuma rubuta abubuwa masu amfani game da Borno da Wadai, sai dai shi ne ya kafa tutar mulkin mallakar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A watan Disamba na 2022 aka cire sunansa daga wani dandali a unguwar Wedding, aka maye shi da na Manga Bell, sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a 1914. Ba na son a ɗauka cewa tsarkin zuciya ne ya kai su ga haka, domin ƙungiyoyin baƙaƙen fata sun yi shekaru masu yawa suna matsa lamba, mazauna unguwar da dama kuwa sun yi ta jayayya.

Bajamushen da ya fi kusa da mu shi ne Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya ratsa ƙasarmu da sunan Abdulkarim a tafiyar da ya yi daga 1850 zuwa 1855. Ya sauka Agadas, ya shiga Kano a farkon Fabrairu na 1851 a zamanin Sarki Usman, ya je Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, sannan ya kai Tumbutu inda Shehu Bakkay ya ba shi mafaka. Ya ƙiyasta mutanen Kano da dubu 30, waɗanda kan ninka idan fatake sun cika gari da rani, ya kuma ce tufafin da ake saƙawa a rina a fitar daga Kano a shekara ba su gaza kimar wuri miliyan 300 ba. Yana jin Larabci da Hausa, ya zauna da malamai ya karanta littattafansu, kuma a Gwandu ne ya samu kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbutu, ya kwafi abin da ya iya. A ganina Barth ya fi yawancin Turawan zamaninsa adalci, saboda ya ɗauke mu a matsayin mutane masu tarihi a rubuce. Ya rasu a Berlin a 1865, kuma a yau ɗalibin tarihi a Kano ko Yamai ya fi Bajamushen kan titi sanin sunansa.

To, a nan ne kwatancin yake sosa mini rai. Barth bai yi tafiyar nan shi kaɗai ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, wanda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta, ya bi Barth har Ingila a 1855, ya zauna da J. F. Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, ya riƙa ba shi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Imam Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Ghana a 1934, shi ne ya rubuta wa Adam Mischlich, wani jami'in mulkin mallaka Bajamushe, bayanai masu zurfi da ajami game da sarautu da sana'o'i da zaman Hausawa. Sunayen Schön da Mischlich ne a bangon littattafan, kuma hakan rashin adalci ne. Amma ba don sun ajiye rubutun ba, da abin da ya rage mana na Dorugu bai taka kara ya karya ba. Mu da ya kamata mu yi tinƙaho da su, yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin sunan ɗayansu?

Mun ƙware wajen kirari da yabon magabata, kuma ban raina wannan ba, domin waƙa da kirari sun riƙe mana tarihin da takarda ba ta riƙe ba. Matsalar ita ce, yabo ba ya barin wurin tambaya. Wanda ya tayar da maganar rinji da cinikin bayi a daular Usmaniyya, alhali Barth ya gani da idonsa kuma Dorugu ya ɗanɗana a jikinsa, sai a ce yana zagin iyaye. Takardun da za su raba gardama kuwa, da yawansu suna cikin akwatuna a zaurukan gidajen malamai, gara da ɗigon damina suna cin su. Akwai masu ƙoƙari, kamar Gidan Arewa a Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da ma'ajiyar rubuce-rubuce ta Yamai da Boubou Hama ya assasa, sai dai aikin ya fi ƙarfin abin da ake ba su. Nijar ta burge ni da ta sa wa jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana, a yankin da sunayen masu mulki suka mamaye allunan jami'o'i.

A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, haifaffen Basel ta Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. An mai da gidan wurin tarihi, kuma hakan ya dace. Dorugu ya koyar a wannan makaranta a ƙarshen rayuwarsa, a nan Kano kuma ya rasu a 1912. Ina ganin hukumar da ke kula da gidan za ta iya ware masa ɗaki guda, a ajiye labarinsa da Hausar da ya faɗe shi, tun daga ranar da aka kama shi yana yaro har zuwa abin da ya gani a Landan.